Kawunan Sojojin Kang Hilman

Salamu alaikum, 'yan gidan nan. Na ga saƙonninku duka, har da na wata baiwar Allah da ta ce in daina ja muku rai, in faɗa kawai, Abah ya yarda ko bai yarda ba. 'Yar'uwa, da abin na eh ko a'a ne, da tuni na rubuta a layi ɗaya na koma kan kekena na ɗinki. Ga kebayar amaryar mutane a gabana, rigar nan tamu ta biki, na ɗinka hannun hagu a dama, na farke, na sake mayar da shi daman. Zama ya gagare ni, tsayuwa ta gagare ni, shayin da na haɗa tun safe ga shi can ya huce a kan taga. Bari kawai in zayyana muku yadda aka yi, amma ku ji tausayina a wajen sharhi.

Saboda waɗanda yau suka fara leƙowa: sunana Rengganis, a gida Ganis. Tela ce ni a garin Cimahi, shagona a jikin gidanmu yake. Mahaifina, Abah, samanja ne mai ritaya, mutumin da har yau yake goge takalmin zuwa masallaci kamar za shi fareti. Wanda nake so kuma Kang Hilman ne (Kang ɗin kamar a ce Yaya), mai haɗa haƙoran roba a wani asibitin haƙori a Bandung. Wannan sana'arsa ce. Abin da ya shiga ransa daban ne: 'yan sojojin roba, irin waɗanda tsawonsu bai wuce daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ba, masu gaɓoɓin da ake lanƙwasawa, da kaki na yadin gaske, da takalmi mai igiya.

Ta dalilinsu ma muka haɗu. Ya shigo shagona wata rana da wani ɗan wando da bai fi tafin hannuna ba, ya ajiye a kan tebur yana sosa ƙeya. Ya kira ni Neng, yadda ake kiran budurwa a nan.

"Neng, za ki iya yi masa aljihu mai murfi? Wanda zai buɗu fa."

"Na ɗan wa ne, Kang?"

"Na kofur ne. Ya dame ni da ƙorafi, wai ba shi da inda zai sa taba."

Na yi dariya har allura ta soke ni. Na ɗinka masa aljihun tsaf, na bi shi da dutsen guga. Ba a jima ba ya turo min hoto. Ashe ya jiƙa wandon a ruwan shayi, ya goge gwiwoyin da samfefa har zare ya fito, ya shafe shi da fenti kalar taɓo. Kamar in yi kuka. Ya ce in yi haƙuri, haka masu abin suke yi, wai soja mai tsabta bai je ko'ina ba. Tun daga nan na zama telar rundunarsa. Na ɗinka riguna, jakunkunan goyo, har da safa, kuma ban san lokacin da na fara tambayar lafiyar kofur kafin in tambayi tasa ba.

Kawunan kuwa shi yake sassaƙa yawancinsu, da kayan aikin haƙori. Wani fuskar maƙwabcinsu mai gyaran babur ce, wani ta direban motar hayar da ya taɓa gani sau ɗaya ta tsaya masa a rai. Yana fentin su da burushi mai sirantar gashin ido, har da gumi, har da tabon ƙuraje.

Ambu, mahaifiyata, ba ta ga abin burgewa ba.

"Ƙato da gemunsa yana canza wa 'yartsana wando," in ji ta. "In kun haihu, wa zai riga wani kuka a kan kayan wasa, shi ko jaririn?"

Tana da nata ɗan takarar, wani laftanar ɗan ƙawarta, soja na gaske mai numfashi, kuma kusan kullum sai ta turo min hotonsa a waya, alhali tana kicin ina shago, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ba ta ce dole ba. Ambu ba ta cewa dole, sai dai ta yi ta ajiyar zuciya a bayanka har ka ji gara ma dolen.

Abah bai ce uffan ba tsawon watanni. Sai ran nan muna karyawa, ya ajiye cokali.

"A falon surukai kowa mutumin kirki ne," ya ce. "Ranar Asabar zan je in ga inda yake kwana."

Haka ya yi wa mijin yayata. Ya je gidansa, ya shafa yatsa a saman ƙofa, ya leƙa banɗaki, ya duba yadda aka jera takalma, sannan ya ce to. Duban ɗaki irin na bariki, shi kaɗai ne ma'aunin da Abah ya yarda da shi.

"A can zan ba da amsa, kuma sau ɗaya nake bayarwa. Sojojin nan nasa ma ina so in gan su. Kada a tura min komai ƙarƙashin gado."

Wallahi daɗi na ji. Kang Hilman mutum ne da yake share ƙura da burushin kwalliya, kuma na ce a raina soja ai ba zai ƙi sojoji ba. Ban ɗauki Abah a matsala ba ko kaɗan.

Matsalar da na hango ta iso da yamma a bayan ɗan acaɓa, da jakar kwananta a cinya. Uwa Enok ke nan, yayar Ambu, don mu nan yayar mahaifiya Uwa muke ce mata. Ita ta raini Ambu bayan rasuwar kakata, kuma har yau Ambu ba ta sayen ko labule sai ta ji ta bakinta. Mace ce mai ibada ta gaske, ba don a gani ba, amma bakinta ba birki. Na same su a kicin, Ambu tana niƙa barkono a turmin dutse, Uwa tana tsinke ɗanyen ganye.

"Ganis, zo nan. An ce saurayin naki gumaka yake tarawa."

"Ba gumaka ba ne, Uwa. Kayan sha'awa ne."

"Suna da ido?"

"Suna da shi."

"Hanci fa? Baki?"

Na gyaɗa kai.

"To me ya rage, su yi miki sallama? A gidan da za ki yi salla, ki haifi 'ya'ya, mala'ikun rahama suna tsaye a waje suna jiran a kwashe?" Ta juya wajen Ambu. "Da ni za a je. In na ga fuskoki jere suna kallona, ko ruwan gidan ba zan sha ba. Ke ma ba za ki sha ba."

Ambu ta ci gaba da niƙanta, amma na ga ta gyaɗa kai.

"Uwa, yanzu ba wata mafita?"

"Malaminmu ya ce in ba kai, ba sura, ya zama kututture. Amma a zamanin nan wa zai cire wa abin wasansa kai saboda Allah?"

Ni ba malama ba ce, ban san zurfin maganar ba, kuma ba shi na tsaya tunani ba. Abin da ya faɗo min shi ne, kawunan nan ai cirewa suke yi. Na sha ganin Kang Hilman yana ɗumama wuyan da dirayar gashi har robar ta yi laushi, ya murɗa a hankali, kan ya zare salin-alin. Na bar kicin ɗin da sauri har ina tuntuɓe da takalmin Uwa, na shige shago na jawo waya.

"Kang, kana ina?"

"Wurin aiki, Neng. Ina haɗa wa wata kaka haƙoran cin nama."

"Uwa Enok za ta biyo mu ranar Asabar."

Ya turo 'yar fuskar nan mai zufa a goshi. Na rubuta masa komai, har da maganar malamin, har da dabarata. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Na zagaya teburin yanka, na dawo, na ciji farce, na sake zagayawa.

"Duka?"

"Duka, Kang. Na yini ɗaya ne. Muna tafiya ka mayar."

"In kai su gidan abokina fa?"

"Abah ya ce sai ya gan su. In ya tarar da kabad wayam, ya gama da kai."

"To in rufe su da ƙyalle."

"Uwa za ta ɗaga. Ba ka san ta ba."

"Neng, wasunsu sun tsufa, robar ta bushe. Ba a taɓa su haka kawai."

Kafin in amsa, wani saƙon ya sake shigowa.

"Kuma ban san yadda zan faɗa miki ba. Ba na jin daɗin abin. Ba zan iya kallonsu haka ba."

A nan ne na yi abin da ya hana ni zama yau. Raina ya ɓaci. Ga ƙarar turmin Ambu tana ratso bango, ga hoton laftanar ya sake leƙowa a saman wayar, wannan karon yana riƙe da wata mage. Yatsuna suka riga hankalina.

"Kang, roba ce fa. 'Yartsana ce. Ni kake so ko su?"

Ni da na ɗinka musu safa. Ni da ban taɓa kiran su da wannan sunan ba, shi ya sa ma ya saki jiki da ni tun farko, don duk matan da ya nema a baya da kalmar nan suka sallame shi. Ya karanta. Har na fara rubuta ban-haƙuri, sai ga amsarsa.

"To, Neng."

Na goge ban-haƙurin. Na ce ai shi ke nan, an wuce wurin.

Ranar Asabar na canza mayafi ya fi a ƙirga. A ƙarshe na tsaya a kan kebaya ruwan toka mai aikin hannu a wuya, da zanen batik, atamfarmu ta nan, ruwan ƙasa, da mayafi kalar madara wanda Ambu ta ce yana sa ni kama da mai hankali. Ita ta sa doguwar riga ruwan zuma da 'yan kunnen bikin yayata. Uwa Enok ta fito cikin baƙi da carbinta. Abah kuwa rigar batik mai dogon hannu, karin gugar kamar ya yanki mutum, da baƙar hula zaune daidai a tsakiyar kai. Muka ɗora nonon ayaba da alewar shinkafa mai naɗin ɓawon masara a bayan tsohuwar motarsa, muka faɗa cunkoson hanyar Bandung ana yayyafi.

"Mun taso," na rubuta.

"To."

"Ka gama?"

"Na gama."

Ba 'yar fuska, ba zolaya. Na ce gajiya ce. Na juya wayar a cinyata, na sake juyo ta, har Uwa ta ce in ƙaiƙayi nake ji in faɗa a tsaya a kantin magani.

Gidansu a wani lungu yake a unguwar Cijerah, mota ba ta shiga, sai da muka taka. Mahaifiyarsa, Bu Yeti, ta tarbe mu a ƙofa tana ta murmushi. Kang Hilman ya fito cikin farar riga, ya kama hannun Abah ya kai goshinsa, ya yi wa Ambu da Uwa gaisuwa a rusune. Idanunsa sun yi ja. Ya dube ni sau ɗaya, ya yi ɗan murmushi, ya sunkuyar da kai. Aka kawo shayi ba sukari da soyayyen ƙosan kabeji mai zafi. Uwa ta naɗe hannu ba ta taɓa ba.

Abah bai ɓata lokaci ba. Ya miƙe, ya shafa yatsa a saman ƙofar falo, ya duba yatsan, ba komai. Ya leƙa banɗaki, ya leƙa kicin, ya tsaya a kan jerin takalma ya ɗan yi gyaran murya, irin wadda a gidanmu muka san yabo ce. Ni kuwa ina biye da su a baya ina ta hamdala a ciki.

"Ina rundunar?" ya ce.

Kang Hilman ya buɗe ƙofar ƙarshe, ya kunna fitilun kabad, ya koma gefe.

Masu karatu, na san ɗakin nan a hoto kamar yadda na san shagona. Kabad na gilashi daga bango zuwa bango. Amma da na ce masa ya cire, ban hango abin da zan gani ba. Da a tsaye suke ƙiƙam kamar a kanti, da sauƙi. Shi kuwa yana jera su ne kamar ana tsakiyar rayuwa. Ga wani ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmi. Ga mai oba-oba ya ɗaga abin magana zuwa inda kunne ya kamata ya kasance. Ga biyu suna raba gwangwanin abinci, cokali ya nufo sama, ba bakin da zai shiga. Ga wani ya saɓo ɗan'uwansa a kafaɗa, rigunansu duk taɓo da jinin fenti, rigunan da na ɗinka da hannuna. A saman kowace kwala ba komai sai ɗan ƙullin farar roba. Sun fi ɗari.

"Masha Allah," in ji Uwa Enok. "Yaron nan yana jin magana." Ta taɓa Ambu. "Kin gani? Yanzu a ba ni shayina."

Ambu ta yi murmushi, na farko da ta taɓa yi a kan maganar Kang Hilman. Na ji sanyi a raina, na ce dabarata ta ci. Na juyo in ga fuskar Abah.

Abah bai shigo ba. Yana bakin ƙofa, hannunsa ɗaya dafe da katako, idonsa a kan wanda ya saɓo ɗan'uwansa. Fuskarsa ta yi fari, leɓensa na ƙasa yana motsi kamar mai karatu a zuci. Tun da nake ban taɓa ganin mahaifina ya dafa wani abu don ya tsaya ba.

"Bah?" Ambu ta kira shi a hankali.

"Ina kawunansu?"

Muryar a ƙasa take, amma ta bariki ce.

"Suna nan, Pak. A ajiye suke lafiya," in ji Kang Hilman. Pak ɗin kiran girmamawa ne ga dattijo.

"Kawo."

Kang Hilman ya jawo su daga ƙasan tebur. A kiret-kiret ɗin ƙwai ya jera su, ya shimfiɗa auduga, kowane gurbi kai ɗaya, idanu suna kallon sama. Uwa ta kau da fuska tana istigfari. Abah ya shigo, ya zauna a ƙasa dirshan, a kan tayil, da rigarsa mai guga, mutumin da ba ya zama a kujerar baƙo sai ya share ta da hankici.

"Teteh," ya ce wa Uwa, kiran da ake yi wa yaya mace, bai ɗago ba, "ki yi haƙuri ki koma falo. Za a mayar da su."

"A mayar? Bayan yaro ya yi abin kirki, kai kuma..."

"Teteh."

Ta tattare mayafinta. "Ni dai na faɗi abin da na sani," ta ce, ta fita. Ambu ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ta rasa wanda za ta bi.

Abah ya ɗauki kai ɗaya ya riƙe a tafinsa, yana kallonsa.

"Akwai wani yaro a ƙarƙashina," ya ce. "Can gabas, a daji. Komar, ɗan garin Garut, mai yawan waƙa. Ni na saɓo shi, kamar wancan." Ya nuna kabad ɗin da haɓa. "Kuma haka na saɓo shi, ba kai. Mun wuni muna neman sauransa a cikin ciyawa, ba mu samu ba. Ni aka aika wajen uwarsa in ce kada a buɗe akwatin. Ta riƙe min hannu tana cewa fuskarsa kawai za ta gani."

Ambu ta toshe baki da mayafi. Shekara talatin da ɗoriya tana auren mutumin nan, daga baya ta ce min ba ta taɓa jin sunan Komar ba. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi lissafin Uwa, na yi na Ambu, na manta cewa Abah ba a kabad ya san sojoji ba.

"Kunna dirayar," ya ce wa Kang Hilman.

Suka fara. Abah ne yake riƙe dirayar yana ɗumama wuya, Kang Hilman yana ciro gangar jiki, ya dubi kiret, ya ɗauko kai ba tare da ya yi wata-wata ba, ya danna har ya zauna.

"Ya aka yi kake sanin na wane ne?"

"Kalar fatar wuya, Pak. Kuma dai na san su."

"Wannan fa?"

"Na mai oba-oba ne. Na ɗan lotsa masa kunnen dama saboda abin magana."

Abah ya juya kan ya duba kunnen, ya gyaɗa kai. Ni aka bar wa miƙa kiret. Ruwa ya ƙaru a kan kwano, diraya tana ta gurnani, daga falo ina jiyo Bu Yeti tana lallashin Uwa ta ɗanɗana ko ƙosai ɗaya. Duk wanda aka mayar wa kansa, sai Abah ya ce a kai shi wurinsa, a gyara masa hula. Mai ɗaure takalmi ya koma yana kallon igiyarsa. Cokali ya sami baki. Da aka zo kan wanda aka saɓo, Abah ya ajiye dirayar ya ce shi zai sa da kansa, kuma ba wanda ya dube shi lokacin da yake sawa.

Kiret suka ƙare, sai kai ɗaya. Gangar jikinsa tana gefe a kan tebur, wani tsoho ne mai koɗaɗɗen kaki, ba fenti ba ado, ko yatsunsa ba sa lanƙwasuwa.

"Wancan fa?"

"Wuyansa ya tsage jiya, Pak. Ba zai zauna ba."

"Ba ya gyaruwa?"

"Za a iya liƙewa. Sai dai ba zai sake juyawa ba."

Na san shi. Shi ne na farko, wanda marigayi mahaifinsa ya sayo masa a kasuwar gwanjo yana ɗan firamare. Jiya ya tsage, kuma abin da ya rubuto min kawai shi ne ya gama.

Abah ya kashe dirayar.

"Wa ya ba da wannan umarnin?"

"Ni ne, Pak."

Bai ko yi jinkiri ba. Bai kuma kalli inda nake ba.

"To ka ji amsata. Ɗakinka tsaf, hannunka tsaf. Amma mutumin da zai cire wa mutanensa kai don a ba shi mata, ba na ba shi 'yata. Gobe in aka nemi wani abu a wurinsa, ban san me zai cire mata ba."

"Na ji, Pak."

Shi ke nan abin da ya ce. Ya sunkuyar da kai, ya karɓa. Abah ya dafa gwiwa zai tashi, kuma na san in ya miƙe an gama. Na ajiye kiret ɗin da ke hannuna.

"Ni ce, Abah."

"Ganis," Ambu ta ce daga ƙofa.

"Ni na sa shi. Ya ce ba ya so, ya ce ba zai iya kallonsu haka ba. Na ce masa roba ce. Na ce ya zaɓa, ni ko su."

Abah ya koma ya zauna. Ya dube ni, kallon da tun ina ƙarama nake gudu, sannan ya mayar da shi kan Kang Hilman.

"Gaskiya ta faɗa?"

"Hannuna ne ya cire, Pak."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Gaskiya ne, Pak."

"Wato ka yi min ƙarya a cikin gidanka, ka karɓi hukuncin da ba naka ba."

"Eh, Pak."

Abah ya daɗe yana shafa haɓa.

"Amsar da aka bayar a kan rahoton ƙarya ba amsa ba ce," ya ce. "Na janye ta. Ka turo manyanka duk ranar da ka shirya."

Na ji Ambu ta yi ajiyar zuciya, kuma ba irin waccan ba ce. Da ba don idon Abah ba, da na zube a wurin na yi sujada. Na samu, masu karatu. Abin da na yi watanni ina roƙo, na ji shi da kunnena.

"Amma saurara," in ji Abah. "Ni na duba ka, ka ci. Kai ne ba ka yi naka duban ba." Ya nuna ni da haɓa. "'Yata ce, ina son ta. Amma ta san abin da kake so, ta san inda zai yi maka ciwo, kuma nan ta danna don ta sami biyan bukata. Kada ka amsa min yau saboda kunya. Ka yi tunani ko da ita kake so ka zauna."

Na ji zafin maganar har cikin ƙashina, amma ban tsorata ba. Na san Kang Hilman. Mutum ne da ba ya bari in ƙarasa roƙo, sai ya ce to. Na san zai yi murmushin nan nasa, ya sosa ƙeya, ya ce ai ba sai ya yi tunani ba, Pak. Har na fara sunkuyar da kai ina shirya fuskar kunya.

Na ɗago.

Ba ni yake kallo ba. Tsohon sojan ne a hannunsa, gangar jiki a dama, kai a hagu. Ya haɗa su a hankali, ya saki, kan ya gangaro cikin tafinsa.

"To, Pak," ya ce. "Zan yi tunani."

Tun da na san shi, bai taɓa bukatar yin tunani a kaina ba. Har yanzu yana yi.